Maɓallin Da Aka Sace Wa Baba

"Baba ya amince."

Abin da Auta ta fara faɗa ke nan. Ko sallamar ba ta ƙarasa ba.

Ina zaune a rumfata ta ƙarƙashin matakalar bene, na kifa wani keken guragu mai batir ina bin wayoyin cikinsa. Ban ɗago ba. Hannuna na dama yana riƙe da sukundireba. Na hagun, wanda ba na jini da tsoka ba, yana riƙe da taya. Na ji yatsun ƙarfen sun ƙara matsewa. Haka suke yi duk lokacin da tsokar damtsena ta ɗaure. Fuskata tana iya ɓoye abu, hannun nan ba ya iyawa.

"Ya amince da wa?"

"Kai ma ka sani."

Na sani. Manaja. Ɗan Gwaggonta, ƙanwar Baba. Shi ke riƙe da kamfanin da ke sayar da kayan tsofaffi da nakasassu: kekuna, injinan ɗaga majiyyaci daga gado, hannuwa da ƙafafu masu batir. A can na yi aiki. Sakandare kawai na gama, injin yankan katako ya cinye mini hannu, kamfanin ya saka mini wannan, ni kuma na zauna ina yi musu gyara.

Ta haka na shiga gidan su Auta. Ciwon shanyewar jiki ne ya kwantar da mahaifinta. Ya ɗauke masa magana, ya sandarar masa da wuya da ƙafafu, ya dusashe masa gani. Abin da ya bar masa yatsu biyu ne a hannun hagu, sai hankalinsa garau. Ni na haɗa masa allon magana. Na tattara tsofaffin saƙonnin murya da ya taɓa aika wa 'ya'yansa, na koya wa na'urar muryarsa, har ya zama in ya danna maɓalli, muryar Baba ce take fita, da 'yar shaƙewarta da komai. Ranar da Auta ta fara ji, zama ta yi a ƙasa tana kuka. Daga ranar na daina ganin kowace mace.

Da Manaja ya gane ina son ta, ya kore ni. Ya ce wai masu sayen kaya suna tsoron hannuna. Hannun da shi ya sayar.

"Allah ya sanya alheri," na ce. "Ki ce wa angon ya aiko da kati. In na samu hali zan zo in tafa muku da hannu ɗaya."

"Injiniya."

Ita kaɗai ke kirana haka. Sauran duniya Ƙarfe suke ce mini.

"Kada ki sake kirana da wannan sunan."

Ta zauna a kan bencin da masu kawo gyara ke zama. Har yanzu rigar aikinta ta kantin magani ce a jikinta. Idanunta sun kumbura.

"Kana gani kamar daɗi nake ji? Wallahi tun ranar da aka tambayi Baba ban rintsa ba. Gwaggo ta tare a gidanmu, ta kafa kujera a falo kamar an dasa ta. Yaya in ya ganni sai ya kau da kai. Na ce musu ba na so, na faɗa da bakina, ni ba yarinya ba ce. Gwaggo ta ce to a tambayi mai 'ya. Na yarda, don na san Baba. Na ce duk abin da ya faɗa shi ke nan."

"Ya kuma faɗa."

"Ya faɗa." Muryarta ta karye. "Da kunnena na ji. Kai ka san alkawarin da na yi wa Inna tana kan gadon asibiti, cewa ba zan taɓa tsallake maganarsa ba. Yanzu da ba shi da komai sai wannan 'yar muryar, ni ce zan taka ta? Ka gaya mini. Ni ce?"

Na ci gaba da warware wani ƙusa da ba ya buƙatar warwarewa.

"Ka yi magana mana. Ko zagina ne ka yi."

"Me zan ce? Gwaggonki ta riga ta faɗa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka."

A gabana ta faɗi haka, zuwana na ƙarshe. A ranar ne ma Baba ya danna maɓallin da ya fi so. Mutum ne mai son baƙi, kuma abin da ya fi ci masa rai a ciwonsa shi ne baƙo ya shigo ya kasa karɓarsa. Don haka na yi masa maɓalli guda mai cewa, "A kawo masa ruwa." Ya danna mini shi. Gwaggo ta tare 'yar aiki a ƙofa ta ce, "Kofunanmu na tangaran ne, kada ƙarfe ya fasa mana." Na fita da ƙishina. Ban manta ba. Ni ba na mantuwa.

Auta ta share hanci da gefen mayafinta.

"Abin da ya fi kashe ni ma ba auren ba ne. Baba ne. Tun ranar ya daina taɓa allon. Ko ruwa ba ya nema. In na kai masa cokali sai ya datse baki. Hawaye kawai. Gwaggo ta ce jikin ne ya rikice, a gaggauta a yi komai yana da rai."

Na ajiye sukundireban.

"Ya daina taɓa allon?"

"Sabon ma kuwa. Mai kyau. Manaja ne ya kawo masa kyauta da safiyar ranar, ya ce tsohon ya tsufa, ya tafi da shi."



"Da safiyar ranar da aka tambaye shi?"

"E."

"Faɗa mini yadda aka yi. Kada ki tsallake komai."

Ta dube ni da mamaki, amma ta faɗa. An zauna a ɗakin Baba. Yaya, babban wanta, ya durƙusa ya ce, "Baba, ka yarda a ba ɗan Gwaggo Auta?" Baba ya danna. Allon ya ce, "Na amince." Sai ya sake dannawa. Ya sake. Ya yi ta dannawa da sauri har allon yana rawa a kan cinyarsa, muryarsa tana cika ɗakin: na amince, na amince, na amince. Gwaggo ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, "Kai, Yayana har ya fi angon ɗoki!"

"Da wane yatsa?"

"Me?"

"Da wane yatsa ya danna?"

Ta rufe ido tana tunawa. Ta ɗaga hannunta na hagu, ta lanƙwasa manuniya.

Na miƙe tsaye. Kaina ya bugi ƙasan matakala, ban ma ji zafin ba.

A sana'armu akwai doka ɗaya da ake koya wa mutum kafin a ba shi ko filaya: ba a matsar da maɓalli. Mai irin ciwon Baba ba karanta allo yake yi ba. Yatsa ne ya haddace wuri. Watanni na yi ina zama gefen gadonsa har yatsun nan biyu suka haddace. Na sa "E" a ƙarƙashin babban yatsa. Na sa "A'a" a ƙarƙashin manuniya, inda ya fi ƙarfi, na manna masa 'yar samfefa mai kaushi don kada ya ɓace masa. Mutumin da ake juyawa, ake wanke shi, ake ɗura masa abinci, kalmar da ya fi buƙata a duniya ita ce a'a.

Manaja ya san wannan dokar. Shi yake karanta wa sababbin ma'aikata ita.

"Auta, manuniya a'a ce."

Ta zuba mini ido.

"Ba amincewa ya yi ba. Ihu yake yi."

Na ga maganar tana shigarta a hankali, kamar allura. Ta ɗora hannu biyu a baki. Kukan da ta yi a lokacin ba irin na ɗazu ba ne. Ba shi da sauti.

"Ina tsaye a wurin," ta ce. "Ina tsaye yana kallona. Ina jin haushinsa a raina. Wayyo Baba."

"Yaushe za su sake taruwa?"

"Ranar hutu, da hantsi. Za a tsayar da rana."

"Ki buɗe mini ƙofa."

Ta kama hannun rigata, ta gefen ƙarfen.

"Zai kashe maka hannu. Ka ji abin da ya faɗa ranar da ya kore ka."

Na ji. Ya ɗaga wayarsa ya kaɗa mini a fuska. Ya ce, "Hannun nan rajistarsa a nan take. Duk ranar da ka sake taka gidan kawuna, danna ɗaya zan yi ya koma gwangwani." Tun lokacin nake ƙoƙarin raba hannun da kamfanin, na kasa. Kuma ba da hannu ɗaya ake riƙe taya a ɗaure ƙusa ba. In ya mutu, rumfar nan ta mutu.

"Ki buɗe mini ƙofa kawai," na ce.

*

Muryar Baba tana nan a wayata. Na samo wani tsohon allo a cikin tarkace, na gyara fuskarsa, na mayar da kowane maɓalli inda yatsa ya san shi. E. A'a. Ruwa. Ciwo. Fita, wanda yake kore mutane da shi in za a gyara masa jiki, ko kyanwa ta hau masa gado. Da na baƙo. Na yanko samfefa na manna.

Aikin da ya kamata in yi ya ƙare nan. Ban tsaya ba.

Na'urar ba ta san abin da Baba ya taɓa faɗa da wanda bai taɓa faɗa ba. Duk abin da ka rubuta mata za ta furta da muryarsa. Na zauna na rubuta. Na goge. Na sake rubutawa har ya yi kaifi. Sannan na ɓoye shi a inda babu maɓalli, na haɗa shi da wayata, yadda daga aljihuna zan iya sakinsa.

Na kunna don in gwada.

"Allah ya tsine maka albarka, ɗan ƙanwata. Na yafe ka duniya da lahira. Ko gawata kada ka taɓa."

Na sake kunnawa. Na hango fuskar Manaja a gaban uwarsa, a gaban dangi, bakin kawunsa a kansa har kabari. Wa zai ƙara ba shi 'ya? Wa zai ƙara sayen ko sandar dogarawa a hannunsa? Na sake kunnawa. Ya fi mini abinci daɗi.

Tsohon da ke gyaran agogo a rumfar da ke jikin tawa ya leƙo, da gilashinsa maƙale a ido ɗaya.

"Kai Ƙarfe, wane dattijo ka ɓoye a nan yake ta tsine wa mutane tun safe?"

"Gwaji nake yi, Baba Mai Agogo."

"Gwajin tsinuwa? To ka juya bakinsa ya kalli titi, ni ina da iyali." Ya tsaya yana saurare. "Shi mai muryar, ya san yana faɗin haka?"

Na mayar da kaina kan allon.

"Uhm," ya ce. Ya koma rumfarsa.

Na saka allon a jaka. Ban goge komai ba.

*

Auta ta buɗe ƙofar da kanta. Ta yi ramar da har ƙashin wuyanta ya fito.

Ɗakin Baba yana nan yadda na san shi. Gadon asibiti mai ɗagawa, injin ɗaga majiyyaci a tsaye a kusurwa da majanyinsa a rataye, warin man zafi da sabulu. An zaunar da shi a kekensa, an sa masa sabuwar hula da ta yi masa yawa. Sabon allon yana kan cinyarsa, sumul, yana sheƙi. Ya janye yatsunsa can gefe, kamar mai gudun garwashi.

Gwaggo tana kan kujera mai hannu. Yaya, babban wan Auta, yana tsaye jikin taga. Manaja ya harɗe ƙafa, turarensa ya danne warin maganin.

Gwaggo ce ta fara ganina.

"La'ilaha! Wa ya kira mai gyaran famfo?"

"Ni na kira shi, Gwaggo," in ji Auta.

"Ke! Da izinin wa? Yau ranar dangi ce, ba ranar tara gwangwani ba."

Na durƙusa na gaishe ta. Ba ta amsa ba. Na gaida Yaya, ya ɗaga kai kaɗan.

Manaja ya yi murmushi. Ya zaro wayarsa ya ɗora a gwiwa, yadda zan gani.

"Ƙarfe, Ƙarfe. Ashe kana gari. Yaya hannu? Yana caji dai ko?"

"Yana yi, Yallaɓai."

"To madalla. Ka kula da shi. Kayan aro ba ya son yawo."

Na wuce shi. Na durƙusa gaban keken.

"Baba, ni ne."

Idanunsa suka juyo a hankali. Ba ya ganin fuska sosai, amma ya san murya. Leɓensa ya yi rawa. Wani sauti ya fito daga maƙogwaronsa, irin wanda ba kalma ba ne.

"Yaya," na ce ba tare da na juya ba, "alfarma ɗaya nake roƙo. A sake tambayarsa da allon da ya saba. In ya ce ya amince, wallahi ba za ku sake ganin ƙafata a layin nan ba."

"Wane irin raini ne wannan?" Gwaggo ta buga cinya. "Magana ta ƙare! Yayana ya faɗa da bakinsa, kowa ya ji. Sau nawa ma!"

"Ai shi ya sa babu abin tsoro," in ji Auta. "Wanda ya amince jiya zai amince yau."

"Ji bakinta! Wannan mai hannun cokalin ne ya koya miki tsaurin ido? Ɗana ya kashe abin da ya kashe a kan ciwon ubanki, gadon nan, keken nan, duk wa ya kawo? Yanzu ki rasa wanda za ki saka masa da shi sai yaron shagonsa? Wanda ko ɗanki ba zai iya ɗauka ba sai an yi masa caji?"

Auta tana hawaye, amma ba ta sunkuyar da kai ba.

"Gwaggo, wata nawa kuna zuwa kuna zama a falo? Shi kaɗai ne ya taɓa zama ya jira Baba ya gama magana."

Manaja ya miƙe. "Yaya, kada ka bari a mayar da Kawu abin wasa. Wannan tarkacen daga bola ya tsinto shi. Zai iya sa masa duk abin da ya ga dama ya faɗa."

Wayata tana aljihuna, tana da nauyi kamar dutse.

Yaya mutum ne mai gudun rigima. Duk rayuwarsa inda aka tura shi nan yake bi. Amma ya daɗe yana kallon yatsun mahaifinsa da suka maƙale a gefe.

"Me ya sa ya daina taɓa naka?" ya tambayi Manaja.

"Jiki ne. Ciwo gaba yake yi."

"A gwada," in ji Yaya.

Na ɗauke sabon allon na ajiye a ƙasa. Na ɗora nawa. Na kama hannun Baba da hannuna mai rai, na ɗora shi a hankali. Ya ƙi. Ya janye. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

"Baba, taɓa kawai. Kada ka danna. Ji."

Na goga manuniyarsa a kan samfefar.

Ya tsaya cak. Yatsan ya koma da kansa, ya shafa kaushin, ya sake shafawa. Numfashinsa ya canja.

Yaya ya durƙusa kusa da ni. "Baba, ka gane ni? Ni ne babban ɗanka?"

Babban yatsa ya motsa. "E."

"Kana jin yunwa?"

"E."

Auta ta toshe bakinta.

Yaya ya ƙara matsowa. "Baba, ka yarda a ba ɗan Gwaggo Auta?"

"A'a."



"A'a. A'a. A'a."

Bai yi sauri irin na wancan karon ba. A hankali yake dannawa, yana hutawa tsakani, kamar mai shan ruwa bayan doguwar tafiya. Hawaye yana gangarowa cikin gemunsa.

Yaya ya ɗauki sabon allon daga ƙasa. Ya kai shi kusa da idonsa yana karanta ƙananan rubutun da ke jikin maɓallan. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ya sake bi.

"Babu a'a a nan," ya ce. Ya ɗago ya kalli Manaja. "Ko ɗaya babu. Ina ka kai ta?"

"Sabon tsari ne. Daga can waje haka suke zuwa. Kuskuren masu haɗawa ne, ni ina ruwana da..."

"Ƙarya yake yi masa!" Gwaggo ta nuna ni. "Asiri ne! Shi yake juya abin daga jikinsa!"

Manaja ya juyo kaina. Murmushin ya tafi. Ya matso har ina jin numfashinsa, ya rage murya yadda ni kaɗai zan ji.

"Ko an hana ni, kai ba za ka samu ba. Wa zai ba rabin mutum 'ya? Tsohon nan ma saura kaɗan ya huta, mu huta."

Hannuna na dama ya shiga aljihu.

Babban yatsana ya sami wurin. Danna ɗaya. Muryar kawunsa za ta fito ta rufe shi da ransa a gaban uwarsa, kuma babu wanda zai taɓa wanke shi. Yanzu ne ma za a yarda, yanzu da kowa ya ga allon yana faɗin gaskiya. Jinina yana tafasa har cikin kunnuwana. Yatsun ƙarfena sun dunƙule suna ƙara.

Na kalli Baba don in daidaita lokacin.

Manuniyarsa tana kan samfefar. Ba dannawa yake yi ba. Shafa ta kawai yake yi, a hankali, kamar yadda ake shafa kan jariri. Abu ɗaya da ya rage masa a duniya, an sace, an dawo masa da shi yanzun nan. Ni kuma ina tsaye da hannu a aljihu, zan sake shiga bakinsa in yi magana. In allon ya furta abin da bai danna ba, shi zai sani. Zai janye yatsun nan biyu, kuma ba zai ƙara dawo da su ba har ya mutu.

Na zare hannuna. Babu komai a cikinsa. Ban yafe ba. Haƙorana kawai na datse har na ji ɗanɗanon jini.

Sai yatsan Baba ya bar samfefar. Ya rarrafa zuwa ƙasan allon, inda ya daɗe bai je ba. Idanunsa suna kan inuwar Manaja.

"Fita."

Manaja ya yi 'yar dariya. "Kawu, ni ne fa."

"Fita."

"Yayana, ni ce ƙanwarka," in ji Gwaggo, muryarta ta sauko. "Ɗanka ne wannan. Kai ka yi masa huɗuba."

"Fita. Fita."

Maɓallin da ake korar kyanwa da shi. Kowa a gidan ya sani. Na ga kunnuwan Manaja suna rawa. Tsinuwar da na kwana biyu ina wasawa ba za ta yi masa abin da wannan kalma ɗaya ta yi masa ba, don wannan daga yatsan mai ita ta fito.

Yaya ya buɗe ƙofa ya riƙe. Ya miƙa wa Manaja allonsa mai sheƙi.

Manaja ya karɓa. A bakin ƙofa ya tsaya, ya dube ni, ya dubi hannuna. Ya fita. Gwaggo ba ta bi shi ba. Ta zauna daram, tana huci, don a ganinta barin kujerar nan shi ne faɗuwa.

"To," ta ce wa Yaya. "An kori na gida. Sai ka tambaye shi wannan ɗin. Mu ji ko gwangwani zai ba wa."

Auta ta kalle ni. Na ga tsoro a idonta, irin wanda ke cikin nawa. Baba bai taɓa ce mini e ba. Ban taɓa tambayarsa ba.

Yaya ya sake durƙusawa. "Baba, shi fa wannan? Mai gyaran nan. Me ka ce a kansa?"

Yatsun ba su je kan E ba. Ba su je kan A'a ba. Suka yi ta lalube, suka wuce Ciwo, suka wuce Fita, har suka isa kusurwa.

"A kawo masa ruwa."

Auta ta yi wani sauti tsakanin dariya da kuka. Ta fita da gudu. Da ta dawo, kofin tangaran ne a hannunta, mai zanen fure a baki, cikin waɗanda ake ajiye wa manyan baƙi. Ta bi ta gaban Gwaggo da shi a hankali. Ta durƙusa ta miƙo mini.

Da gangan na miƙa na hagu. Yatsun ƙarfen suka rufe a kan kofin, a tausashe, yadda na horar da su. Na ɗaga shi ina kallon Gwaggo cikin ido.

Bai kai bakina ba.

Hannun ya yi 'yar ƙara sau ɗaya. 'Yar fitilar da ke wuyansa ta mutu. Yatsun suka buɗe.

Kofin ya tarwatse a kan tayil. Ruwa ya fantsama har ƙafar keken Baba. A waje na ji an tada mota.

"Ba na faɗa ba?" in ji Gwaggo. "Ba na faɗa ba!"

Hannun yana lilo a gefena, mataccen ƙarfe mai nauyi. Na matsa tsokar damtsena. Shiru. Na sake matsawa. Shiru. Keken da na bari a kife a rumfa ya faɗo mini a rai, da duk sauran da ke jiran gyara.

Sai muryar Baba, da 'yar shaƙewarta:

"A kawo masa ruwa."

Auta ta tsallake fasassun tangaran ɗin ta fita. Ta dawo da wani kofin, ɗan'uwan na farko. Na miƙa hannun dama. Ta girgiza kai. Ta riƙe shi da hannayenta biyu ta kai mini baki, a gaban wanta, a gaban Gwaggonta.

Na sha har ƙasa.

Ta cikin taga ina hango ƙofar gidan a buɗe, inda motarsa ta bar sawu. Akwai tsofaffi da guragu da yawa a garin nan da rajistar ƙafafunsu da muryoyinsu take cikin wayar nan tasa. Na san gidajensu duka. Ni na saka musu.

Na kwance maɗaurin hannun, na zare shi daga dungulmina, na ajiye shi a kan teburin magani.

"Yaya," na ce, "a aika masa da kayansa. A ce masa ɗaya hannun nawa yana nan, kuma da shi zan zo masa."